Bunruan Ba Ta Sa Hannu Ba

Shekara goma sha tara Bunruan ta yi tana duba murfin gwangwanin kifi a wani kamfani a garin Mahachai. Rana tsaka aka sayar da kamfanin, sababbin masu shi suka ce ta koma ɗakin ƙanƙara ɓare jatan lande, matar da ko a zafi gwiwoyinta kuka suke. Ta ce a kai kasuwa.

Yau ga ta a ofishin inshorar ma'aikata. In aka rubuta cewa ita ta ajiye aiki, ɗan abin da za a ba ta ba zai riƙe mata ɗakin haya ba, sai dai ta koma ƙauye gidan ƙaninta, cin shinkafa da gori.

Ma'aikaciyar ta dube ta ta saman tabarau. "Inna, kin sa hannu a takardar ajiye aiki?"

Lamyai, aminiyarta da ta rako ta, ta tuntsire da dariya tun ba a amsa ba.

"'Yar nan, saura ƙiris," in ji Bunruan. "Yarinyar ofishinsu ta yi ta lallaɓa ni, har da ruwan sanyi, kunya ta kama ni. Sai ta miƙo min jan biro. Ja fa! In rubuta sunana da ja ina raye? A jikin akwatin gawa ake yin haka. Na ce bari in zaga bayi, ban tsaya ba sai bakin titi."

"Da takalmi ƙafa ɗaya," in ji Lamyai tana share hawaye. "Jarumar Mahachai!"

"Rufa min baki, ke da ke tsoron ƙadangare."

Ma'aikaciyar ta danne dariya, ta latsa kwamfuta. "To Inna, ba ki yarda da canjin ba, ba ki kuma sa hannu ba. Su suka sallame ki. Cikakken rabo za ki karɓa, wata shida."

Daɗi ya kashe Bunruan. Ta haɗa tafuka ta gode wa ma'aikaciyar, ta gode wa mai gadi, ta gode wa wani bawan Allah da ya shigo fakewa rana kawai. A waje ta rungumi Lamyai suka yi ta juyi kamar yara, 'yan acaɓa na yi musu tafi.

Sannan ta kira ƙanin a waya. "Kai Prayun, mayar da buhunan takinka cikin ɗakin da ka share min. Yayarka tana da ƙofar da za ta kulle da kanta."