Gwangwanayen Mai Fenti

"Ke dai riƙe min gwangwanin, ki rage surutu," in ji maƙwabcina Mai Fenti.

Na riƙe. Yana zaune a bakin gado, tari ya ci ƙarfinsa, burushi a hannunsa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan tsani yana rubuta sunayen masana'antu da ƙattin haruffa baƙaƙe masu ƙafa kamar turmi, waɗanda direba ke karantawa tun daga nesa, yau ga shi yana fama da GISHIRI a jikin gwangwanin madara.

"Haba Baba! Jiya ka shafa, shekaranjiya ka shafa. Fentin nan laifi ya yi maka?"

"Ya bushe?"

"Ya bushe."

"To, a ƙara."

Idon matarsa, Inna, ya kusa tafiya. Rubutunsa kaɗai take iya gani, shi ma dishi-dishi. Ɗansu kuwa ya riga ya yanke magana: ranar da babu Baba, zai ɗauke ta zuwa gidansa, kada wata rana ta zuba kananzir a tukunya. Ita ko ta rantse sai dai a fitar da gawarta daga ɗakin nan.

Haka ya bi SUKARI, KANANZIR, maganin SAFE da na YAMMA, yana shafawa yana maimaitawa. Ni da keken ɗinkina ke jingine da bangonsu, warin fenti ya hana ni sakat, na yi ta mita.

Wata safiya ina taka keke, sai na ji bangon ya yi tsit. Babu tari. Na tsayar da keken. Na yi kuka, wallahi, har da na jin haushin bakina.

Kafin masu gaisuwar rasuwarsa su ɗauke ƙafa, sauran ganin Inna ya tafi gaba ɗaya. Ɗan ya zo da mota, ya kai jakarta bakin ƙofa.

"Inna, ko rubutun ma yanzu ba kya gani," ya ce a hankali.

"Zauna ka sha shayi tukuna."

Na yunƙura zan taimaka, ta ce, "Tela, zauna ke ma." Ta lalubi kantar kayan girki, ta bi gwangwanayen da yatsa. Ta wuce gishiri. Ta ture kwalbar kananzir gefe. Ta ɗauko sukari, ta haɗa shayin, ta miƙa wa ɗan.

Na kai hannu na shafa na kusa da ni. Haruffan sun yi tudu, kamar bakin ɗinki.

Ɗan ya kurɓa, ya daɗe yana kallon kofin. Can ya tashi ya mayar da jakar ƙarƙashin gado.

Inna ba ta mayar da gwangwanin ba. Yana kan cinyarta, babban yatsanta na bin lanƙwasar harafin farko, yana komowa.