Dangin da Suka Baro Hannuwansu a Gida

Daren jiya wani mafarki na yi, kuma har yanzu raina bai huce ba.

Na gan ni a asibiti da takardar likita a hannu. Ƙanwata Ladidi ce a kwance, jini na tsattsafowa daga dasashinta ya ƙi tsayawa. Takardar ta ce ƙwayoyin da ke tsayar da jini sun ƙare a jikinta, sai an samu mutum ya zauna a na'ura an tace nasa an ƙara mata kafin la'asar. Wannan duk na san shi tun ina farke. Abin da ban sani ba shi ne, a wannan asibitin idan ka hau bene ƙasa kake fitowa, ƙarin ruwa kuwa daga jikin majinyaci yake hawa ya koma cikin leda.

A baranda na tarar da dangi sun zo dubiya, sun fi talatin. Ga kuloli jere, farfesu da tuwon shinkafa da ayaba, duk don yarinyar da ko ruwa ba ta iya haɗiyewa. Kowa sai "Allah ya ba da lafiya" yake yi. Na ce mutum ɗaya nake nema ya miƙa hannu. Sai a lokacin na lura hannuwan rigunansu reto kawai suke yi, babu komai a ciki.

Na ce wa ƙanen mahaifiyarmu, "Kawu Sambo, ina hannunka?"

Ya ce, "Na baro shi gida, Haladu. Ka san zafin nan."

"To kular da me ka ɗauko ta?"

"Ita ta biyo ni."

Gwaggo Tabawa ta ce nata ta ba maƙwabciya aro, ana daka. Wani ɗan'uwa ya ce nasa yana wajen gyara. Nan fa na rufe ido na zazzage musu. Na ce ranar rabon naman suna kowa da hannu biyu yake zuwa, har da na aro. Na dubi Kawu na ce masa ƙaton banza, jiki kamar buhun gero amma allura ta fi ƙarfinsa. Kularsa ce ta juya mini baya.

Sai ga ni a wani ofis.

Shekara tara ke nan ina aiki a ɗakin bincike. Ni ke ba ɓeraye abinci, ni ke riƙe su a ɗebi jini a wutsiya, malamai su ɗauka su je su karanta. To wanda ke bayan tebur wani farin ɓera ne da rigar likita, da lamba arba'in da bakwai a kunne. Da hannuna na saka masa lambar nan. Bayansa ɓeraye ne sahu-sahu, kowa da biro, suna ta kwafe-kwafe.

Ya ce, "Zauna, Malam Haladu. Ya hanya?"

Na ce ba gaisuwa ta kawo ni ba. Me suke rubutawa haka alhali mutum na mutuwa?

"Kowace ƙwayar halitta in za ta yi aiki sai ta aika saƙo a rubuce," in ji shi. "Namu ku ke karantawa. Yau mu ke karanta naku."

"Jini na zo bayarwa."

"Mu kullum muna bayarwa, ba a taɓa tambayarmu ba." Ya ɗaga wutsiyarsa, duk tabo. "Da namu zai yi mata, da tuni mun gama."

Kunya ta kama ni, kunyar kuma ta ƙara mini haushi. Na naɗe riga na dangwara masa hannuna a kan tebur. Na ce ga shi nan, ni ban baro nawa ko'ina ba.

Na'ura ta soma gunji. Jinina ya shiga ja, ya zagaya, ya dawo mini, ya bar wani ruwa rawaya kamar man gyaɗa a cikin leda. Aka miƙo mini ledar aka ce in riƙa jijjiga ta, domin in aka ajiye ta wuri ɗaya lalacewa take yi. Ina jijjigawa ina jin kaina wani babba. Har na fara shirya abin da zan faɗa wa dangi in na fita.

Sai na ji minshari daga cikin ledar.

Wani ɓera ya kawo takarda. Arba'in da bakwai ya gyara tabarau ya karanta.

"Jiya bayan azahar ka sha asfirin biyu."

"Kaina ke ciwo. Waɗancan mutanen ne suka sa mini shi."

"Ba a rubuta dalili ba. An dai rubuta ƙwayoyinka sun kwanta barci. Ba za su tsayar da jinin kowa ba sai bayan kwana biyu."

Na girgiza ledar, na yi wa ƙwayoyin tsawa, na ce su tashi don ubansu. Ɗaya ta juya ta gyara kwanciya.

Na ce, "La'asar fa aka ce."

"La'asar ta iso. Tana bakin ƙofa tana cire takalmi."

"To wa zai yi? A duk garin nan babu kowa?"

Ya lashi yatsa ya buɗe shafi. "Mun karanta danginku kaf. Mutum ɗaya ne nasa ya dace, kuma ƙwayoyinsa idonsu biyu. Wanda ka kira buhun gero."

Na fita da gudu. Na hau bene na fito ƙasa, na sauka na fito sama. Ta taga na hango Ladidi, ta yi fari fat, tana share bakinta da gefen zane don kada in gani. Da na isa baranda Kawu ne kaɗai, yana kallon bango. Na buɗe baki in ba shi haƙuri, zagi ya fito. Na sake buɗewa, wani zagin ya fito.

Ya ce, "Hannun yana nan ƙarƙashin gado. Amma ya ji abin da ka ce, kuma shi ba ya mantuwa da wuri."

Ƙarar bokitin mai shara ce ta tashe ni, tana jan shi a kan siminti. Ina kan bencin baranda, wuyana ya sage, rana ta fito. Na sa hannu a aljihu na zaro katin asfirin da gurbi biyu babu komai. Zagin ma ba a mafarki ya tsaya ba, jiya na yi shi, gaban kowa.

Na buga wa Kawu waya, sai a kira na huɗu ya ɗauka. Na ce, "Kawu, ina kwana. Don Allah kana gida?"