Ranar da Verlyn Ya Cinye Yankan Ƙarshe

Ranar fitar da gada, duk mai jinin gidan Tollefson sai ya zo, ko yana so ko ba ya so. Ganye ya yi ja ya fara zuba, kuma idan aka bar gadar katakon nan cikin tafki har ƙanƙara ta kama, to baɗi sai dai a tsinci itacen hura wuta. Don haka maza suka zura wandunan roba har ƙirji suka faɗa ruwan sanyi suna ihu. Arlys kuwa tana kicin tana fama da tukwane, tana leƙensu ta taga tana ba da umarnin da babu mai ji.

Ita ce ke riƙe da gidan bakin tafkin tun rasuwar iyayensu. Yayanta Verlyn, manomi, ya haura saba'in, amma ga shi can tsakiyar ruwa yana nuna wa samari yadda ake cire ƙarafan gadar. Tun da matarsa Lorraine ta rasu haka yake yi: ya zo, ya yi aiki, ya ci abinci shiru, ya ja motarsa kafin rana ta faɗi. Ba ya kwana. Su kuma don tausayi ba sa matsa masa.

Da aka jingine gadar a tudu, Britta, 'yar Arlys, ta tafa hannu a tsakar gida.

"Jama'a, ku ba ni kunnuwanku. Shuɗiyar kular nan ta kowa ce. Ja ɗin mai kwaɗo ta manya ce kawai, lemon wiwi ne a ciki, irin wanda ake sayarwa a kanti. Gwangwani ɗaya, sai a jira. Ba ya kama mutum nan take, sai ka manta da shi sannan ya yi maka sallama. Ba a haɗa shi da giya. Wanda ya sha kuma, makullin motarsa a kwanon nan, nan zai kwana."

"Lemon 'yan birni," in ji Verlyn, yana matse safarsa. "Mu a zamaninmu ciyawar nan shanu ma ba sa kallonta."

"Ai shi ya sa ban yi maka tayi ba, Kawu."

Aka yi dariya. Britta ta danƙa wa babanta Orrin makullin jar kular, ta kwashi yara suka tafi tsinkar tuffa a gonar maƙwabta. To, wanda ya ba Orrin ajiya ai ya ba iska. Mutumin kirki ne, amma bai taɓa iya cewa a'a ba ko ga kare.

Da la'asar aka zauna cin abinci. An ci kifi, an ci shinkafar tafki, an ci gasasshen dankali da nama, aka zo kan kek ɗin Arlys. Aka yi ta ɗauka har ya rage yanka ɗaya a faranti. Kowa ya san abin da zai biyo baya: wani ya raba shi biyu ya ɗauki rabi, wani ya raba rabin, a yi ta yi har ya zama abin da kaza ma za ta raina. A jiharsu ta Minnesota ba a taɓa jin wanda ya ɗauke yankan ƙarshe ba, sai dai baƙo.

Sai kawai Verlyn ya miƙa hannu, ya ɗauke shi ɗungurungum, ya kai baki.

Orrin ya tsaya da cokali a iska.

"Arlys," in ji Verlyn, baki cike, "kek ɗin nan... kai! Tun yaushe kika iya wannan?"

"Shekara arba'in kana cin sa, Yaya."

Ya dube ta, ya dubi farantin, sai ya fashe da dariya. Dariya fa ta gaske, irin ta da, wadda kafaɗunsa ke rawa hawaye na zuba. Daɗi ya kama Arlys, don rabon da ta ji wannan dariyar tun Lorraine na da rai. Amma daɗin bai gama zama ba gabanta ya faɗi. Ta juya ta kafe mijinta da ido.

"Orrin, zo ka taya ni ɗauko kofi."

A kicin ta tsare shi jikin firiji. "Nawa ya sha?"

"Gwiwarsa ce ke ciwo, ruwan nan da sanyi..."

"Nawa na ce?"

"Ɗaya. Ya shanye ya ce ruwan lemun tsami ne kawai, wai an cuci Britta. Sai muka raba wani."

"Makullinsa fa?"

Orrin ya sosa ƙeya. Ita ma ta san amsar. Makullin Verlyn bai taɓa barin jikin motarsa ba tun ranar da ya saye ta. A ƙauyensu wa zai sace maka mota? Ga tafiya mai nisa cikin daji, ga lokacin da barewa ke tsallaka titi ba sallama, ga kuma rabin gwangwanin da bai ma gama isowa ba.

Suna fitowa Verlyn ya bugi gwiwoyinsa da tafin hannu. "To! Bari mu taɓa hanya."

Britta ta raɗa wa uwarta, "Mama, bari in faɗa masa."

"Ke? Ki ce wa kawunki ba zai iya tuƙi ba? Ai don ya nuna miki sai ya tuƙa har Kanada. Bar ni da shi."

Ta ce a bar ta da shi, amma Allah ya sani ba ta san ta inda za ta ɓullo ba. Tunda take ba ta taɓa kallon idon Verlyn ta ce masa kada ya yi abu ba. Shi ya koya mata tuƙi, shi ya riƙe gona da babansu ya kwanta. Abu ɗaya ta iya fiye da kowa a gundumar, shi ne jan sallama. Sai ta ɗaura ɗamara.

A bakin tebur ta tsayar da shi da labarin rufin coci. A kicin ta cika masa robobi da sauran abinci, tana neman murfin kowace kamar an ɓoye mata. A bakin ƙofa ta tambaye shi lafiyar kowace saniya da sunanta. Verlyn ya amsa duka cikin nishaɗi, har ya tsaya ya daɗe yana yaba wata ƙugiyar rataye riga da ke bangon tun suna yara.

"Ƙugiya ce mai amana," in ji shi.

"Sosai," in ji Arlys. "Da wani ne, Yaya, da kwana ya yi."

"E, da wani ne." Ya sa hularsa.

A baranda Orrin ya kawo ɗauki da zancen tayoyi. A tsakar gida Britta ta turo yara suka rungume shi ɗaya bayan ɗaya, wasu ma suka koma layi suka sake. Duk da haka mutumin nan yana matsawa, taku bayan taku, har ya kai jikin a-kori-kurarsa. Ya jera robobin a kujera. Ya shiga, ya daɗe yana lalube kafin ya tuna makullin na inda yake kullum. Ya tayar da mota.

Arlys ta dafa tagar. Dabara ta ƙare.

"An ce barewa sun yi yawa bana," ta ce.

"Sun yi."

"Hanyar ma an ce ana gyara."

"Na biyo ta da safe. Lafiya lau." Ya yi mata murmushi, idanunsa sun yi ƙanana. "Koma ciki, ƙanwata, za ki sha sanyi."

Hannunsa ya tafi kan giyar motar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Arlys ta zura hannu ta taga, ta murɗe makullin ta zare shi, ta jefa cikin aljihun rigar girkinta.

"Ba inda za ka!" Muryarta ta fita har tsuntsaye suka tashi daga bakin ruwa. "Ka sha abin nan, ya kama ka, kuma bai gama kama ka ba. Ɗazu ƙugiya kake yaba wa! Ka ji haushina in ka ga dama, ka yi shekara ba ka gaishe ni ba. Amma ni a gidanmu kai kaɗai ka rage mini, kuma ba zan tsaya a nan ina ɗaga maka hannu don kara ba. Ka kwana, Yaya. Ina so ka kwana. Ka kwana, na ce!"

Orrin ya shiga duba takalminsa. Ita kanta Arlys kunya kamar ta nutse.

Verlyn ya daɗe yana kallon sitiyari. Sannan ya ɗaga yatsu yana lissafi a hankali.

"Uku," ya ce.

"Uku me?"

"Sau uku kika faɗa." Ya share hanci da bayan hannu. "Ke kin san gidanmu, Arlys. Sai an yi wa mutum tayi sau uku yake karɓa, haka Inna ta koya mana. Tun da Lorraine ta tafi, sau ɗaya kuke cewa in kwana. In ce a'a, sai ku ce to, Allah ya kiyaye hanya. Na ɗauka kun gaji da ganin fuskata a murtuke."

"Mu kuma mun ɗauka ɗakin da kuke kwana da Lorraine ne ba ka son shiga!"

"Ɗakin me ya yi mini? Can gidana ne ba kowa."

Arlys ta rasa ta yi kuka ko ta rufe shi da duka, sai ta haɗa duka biyun: ta kai masa dundu a kafaɗa tana hawaye tana dariya. "Tsohon banza! Ba ka da baki ne?"

"Ke kina da shi ne, kafin yau?"

Britta ta buɗe masa ƙofar motar, ta riƙe hannunsa ya sauko. "Kawu, ruwa za ka sha da yawa, ka zauna wuri ɗaya. Idan ka ji kanka na juyawa ka faɗa mini, zai wuce. Zan kira maƙwabcinka ya duba shanu."

"Yarinya, lemon nan naki ba ruwan lemun tsami ba ne."

"Ai na faɗa."

"Kin faɗa." Ya juya ga ƙanwarsa. "Sai dai a nemo mini bargo, na san gadon can ba shimfiɗa."

"A shimfiɗe yake," in ji Arlys. "Duk shekara sai na shimfiɗa shi."

Verlyn ya tsaya cak. Sai ya rungumo ta da hannu ɗaya, abin da bai yi ba ko a ranar aurenta, suka nufi gida a hankali, yara na biye da su ɗauke da robobin abinci.