Makunni Biyu

"Riƙe na hagun, Maureen! Kada ki saki sai kin ji ya yi gurnani."

"Ka taɓa ganin na saki? Tsoho sai faɗa, kamar wanda ya ɗauke ni aiki."

Ta riƙe, Clive ya ɗaga na daman, ogan ɗin lantarkin, babban abin kiɗan nan mai madannai irin na coci, ya farka. Haka injinsa yake, ba ya tashi sai da makunni biyu, Clive kuwa tun da ɓarin jikinsa ya shanye hannu ɗaya ya rage masa. Shi ya sa kullum da safe maƙwabciyarsa Maureen take hawo benen nan da kofin shayi.

A zamanin da gashinsa ke taɓo kafaɗa, shi da abokansa sukan ɗauko tsofaffin kaɗe-kaɗen coci, su zuba musu ganguna da jitar lantarki, ba mai rera ko kalma ɗaya. Birmingham ta tafa musu, ta kuma manta da su. Da igiya aka shigo da ogan ɗin ta taga. Daga baya mai gida ya rage faɗin tagar, matakalar kuma ta yi masa kaɗan. Ogan ba ya fita, Clive kuma ya rantse ba ya fita sai da shi.

"Baba, an samu ɗaki a gidan kula da tsofaffi," in ji 'yarsa Hazel ranar Asabar. "Har da fiyano a falonsu."

"Fiyano! Ki kai ni maƙabarta mana, ai ta fi kusa."

A ƙofar gida Hazel ta kama hannun Maureen. "Don Allah ki daina kunna masa. In ya rasa kiɗan zai yarda."

Maureen ta amince da wuri, har ta ji kunyar kanta. Gaskiya ta gaji. Rabonta da kwana a gidan ƙanwarta a Blackpool tun kafin ciwon nan, saboda wa zai riƙe makunni?

Ranar Lahadi Clive ya yi ta buga mata bango da sanda. Ta yi kunnen uwar shegu, ta ci gaba da feraye dankali. Can wajen hantsi sai ta ji kiɗa ya tashi, irin mai gudu da tsalle da ya fi so.

"Ka ji ɗan banzan tsoho! Wa ya kunna masa?"

Daga nan kiɗan ya tsaya a kan sauti ɗaya, ya ƙi gaba. Ta jira ya sauya, bai sauya ba. Ta saki wuƙar ta fita ba takalmi.

Ta same shi ya kifa goshi a kan madannan, ba ya numfashi. Igiyar takalminsa na ɗaure a makunnin hagu, ɗaya bakin ya jiƙe da yawu, duk shatin haƙora.

Ta daɗe tsaye, ɗakin na rawa da ƙara. Sannan ta miƙa hannu ta kashe. Sautin ya yi ta sunkuyawa ƙasa a hankali, har ta fara jin ruwan sama a jikin gilashi.