Sabulu a Ruwan Gwaggo Ganma

Shekara goma sha huɗu na yi ina karɓar baƙi a wani otal da ke bakin teku. Duk lokacin da hira ta yi daɗi sai na bugi ƙirji in ce ni ɗan duwatsun Sina'i ne, ko ido rufe zan kai mutum in dawo da shi. Cika-bakin nan ne ya ja mini. Maigidana a wurin aiki, Ramzi, mutumin Alƙahira, ya ce to mu gani a ƙasa, in zaga da shi da ƙanensa Wa'il. Tafiyar kwana uku ce a ƙafa: a fita ta gabashin ƙauyenmu, a kewaye duwatsu, a shigo ta yamma.

Ranar farko lafiya lau. Na gasa musu gurasa a cikin toka, suka yi ta ɗaukar hoto kamar ba su taɓa ganin wuta ba. Kashegari da azahar, bayan rana ta gama dafa mu, muka gangara wani kwazazzabo inda ruwan sama ke taruwa a kwarmin dutse. An rufe bakin da ganyen dabino, an danne da duwatsu. Ruwan bai wuce ƙugu ba, kuma shi ke nan sai an sake yin ruwan sama, abin da a wajenmu kan ɗauki shekara biyu.

Wa'il ya yaye ganyen. Ramzi ya leƙa, ya fara cire riga.

"Musallam, ashe kuna da wurin wanka kuka ɓoye mana?"

Ba zan ce ban sani ba. Tun ina ɗan shekara biyar na san ko yatsan ƙafa ba a sa wa a ruwan nan, da gwangwani ake ɗiba a koma gefe. Kalma ɗaya ta isa. Amma na tuna yadda ake yi wa mutanenmu dariya a otal, wai komai a wurinsu abin hani ne, na ji ba na so a ce har yanzu ƙauyanci bai sake ni ba.

Na ce, "Bismilla, Basha," kamar yadda muke kiran manya a otal. "Naku ne."

Sabulun ma daga jakata ya fito. Daga baya ni ma na tuɓe na shiga.

Muna shanya jiki a kan dutse sai ga kukan awaki. Sun kai talatin, suna rige-rigen gangarowa, a bayansu wata tsohuwa da sanda da baƙin lulluɓi. Tun daga tafiyarta na gane ta. Gwaggo Ganma ce, yayar mahaifina, wadda ta goya ni lokacin da uwata ta kwanta ciwo. Awakin suka kai baki ga ruwan, suka yi atishawa, suka ja da baya suna kuka. Ta tsaya ta dubi kumfar da ke yawo a kai, ta dubi jiƙaƙƙen gashina.

Ramzi ya ce, "Sannu, Hajiya. Kin gane wannan? Ɗan garinku ne, shi ne jagoranmu."

Ta daɗe tana kallona.

"Ban san shi ba, ɗana."

Wa'il ya fashe da dariya. "Kai Musallam, har a gida an manta da kai?"

Ta ajiye sanda, ta naɗe hannun riga, ta durƙusa ta fara kwashe ruwan da gwangwani tana zubarwa a yashi. Sai an kwashe shi tas dutsen zai sake riƙe ruwan sha. Na matsa kusa, na yi ƙasa da murya.

"Gwaggo, kawo in taya ki."

Ba ta ɗago ba. "Bawan Allah, ku kama hanya. Ku bi kwarin nan ta hagu, kada rana ta faɗi muku a hawa."

Na san hanyar. Na kuma san rijiya mafi kusa, ta bakin ƙauyenmu, tafiyar yini ce ga mai ƙarfi, ita kuwa ta haura saba'in. Duk da haka na saɓa jakata na bi bayan maigidana. Kunya ta hana ni waiwaye, ta kuma hana ni cin abinci har muka gama zagayen.

Da la'asar ɗin rana ta uku muka shigo ƙauye. Su Ramzi suka wuce motar da ta kawo mu su huta, ni na shiga gaida Baffa Awwad, ƙanen mahaifina. Yana zaune gaban garwashi yana dafa shayi. Muka gaisa, ya tambayi teku, ya tambayi aiki, sannan ya ce, "An ɓata ruwan kwazazzabo. Ganma a hanya ta kwana kafin ta kai rijiya. 'Yan awaki biyu ba su kai ba."

Ya gyara garwashin, ya ci gaba.

"Na tambaye ta wa ya rako masu ɓarnar, don mu kai maganar gaban dattawan danginsa. Ta ce su uku ne, duk baƙi."

Na ce, "Baffa, ni ne. Ni na ce su shiga."

Ya tsiyaya shayi a ƙaramin kofi, ya miƙo mini da hannu biyu, cikin ladabi.

"Ganma ba ta taɓa yi mini ƙarya ba," in ji shi. "Ta ce babu ɗan gida a cikinsu."