Ɗinki Uku a Maratayin Jaka

Shekara arba'in Baduku ya yi yana gyaran jaka da takalma a rumfarsa ta bakin titi, kuma abin alfaharinsa ɗaya ne: ɗinkinsa ba ya tsinkewa. Zaren roba yake ruɓanyawa, ya goga masa kaki, ya bi layi sau biyu da basilla. Fata kan mutu ta bar ɗinkin da ransa.

Haka ya ɗinke wa matarsa maratayin jakarta. Wata Talata da hantsi, mutum biyu a kan babur suka fizgi jakar a gaban tashar mota. Maratayin bai tsinke ba. Aka ja ta a kan kwalta har ta wuce shago huɗu, kanta ya bugi kwalbati. Masu zuwa ta'aziyya suka yi ta yaba jarumtarta, wai har ta cika ba ta saki ba. Baduku bai gyara musu magana ba. Mutane sun fi son jin mamaci ya yi abin kirki da jin cewa zare ne ya yi.

Jakar ta dawo gida, ɓarayin ba su samu ba. 'Yarsu Auta, mai aiki a kantin magani, ta wanke ta, ta rataya, kuma da ita take fita kullum ta gaban tashar nan.

Mai Aski na shagon kusa ya ɗauki nauyin koya mata faɗa, ba tare da an roƙe shi ba.

"'Yata, in ɓarawo ya matso, kama babban yatsansa ki murɗe, sai gwiwa a ciki. Ko ƙato ne sai ya durƙusa."

"Kai da ɓera ya kore ka daga shagonka bara, almakashi na hannunka?" in ji Baduku, bai ɗago daga takalmin da yake ɗinki ba. "Auta, ji nan. Ki bi gefen da za ki ga abin hawa na tunkaro ki. Jaka ta ɓangaren bango, waya a ciki. Wanda ya tare ki da tambayar hanya, amsa masa kina tafiya, kada ki bari ya zo inda hannunsa zai kai gare ki. In ya nuna wuƙa, jefa masa abin da yake so can nesa, ki yi ihu, ki gudu inda mutane suke."

"In jefa masa jakar Inna?"

"Ita ma."

Auta ta ji, amma ba ta yarda ba.

Washegari ya karɓi jakar, ya ce zai shafa mata mai. Ya sa reza ya farke tsohon aikinsa, ya mayar da ɗinki uku kacal da zaren auduga. Cikin wata guda maratayin ya tsinke sau biyu, sau ɗaya a ƙofar mota, sau ɗaya a kasuwa, makullai da jan baki suka watse a ƙasa. Kowane karo ya sake yin ukun. Auta ta fara kawo masa maganin ido daga kantinsu.

Wata ranar da yamma ta ajiye jakar a kan teburinsa tana neman ruwan sha. Ya dubi maratayin. Zaren roba ne, layi biyu, har da ƙusar ƙarfe a kowane gefe. Aiki mai kyau, da wani ne ya kawo da ya yaba.

"Wa ya yi wannan?"

"Wani ne a bayan kantinmu. Baba, kada ka ji haushi. Idonka ne, kowa na tsufa."

"Idona yana zura zare a allura ba tabarau."

"To me ya sa ɗinkinka ke tsinkewa?"

"Don in ya tsinke ki dawo gida." Ya juya jakar, ya nuna mata tsofaffin hudojin da ke jikin fatar. "Uwarki ba ta riƙe ba, Auta. Wa zai riƙe jaka babur na jansa? Na ga hannayenta a asibiti, tafukan ne suka goge, ƙoƙarin tsayar da kanta take a ƙasa. Maratayin ne ya riƙe ta ta wuya da hammata. Ni na ɗinka shi. Har na yi mata alfahari, na ce ko doki ba zai tsinka shi ba."

A shagon kusa Mai Aski ya ajiye almakashinsa.

Auta ta daɗe tana kallon hudojin. Ba ta ce ba laifinsa ba ne, shi ma bai nemi ta faɗa ba. Ta buɗe gwangwanin kayan aikinsa, ta zaro reza, ta miƙa masa.

"Uku kake yi?"

"Uku."

"Ka yi biyu in kana so."

Bayan wata bakwai, da azahar, ya hango ta tana tahowa a ƙafa, takalmi ɗaya a hannu, gwiwar hannunta ta ɗan kurje. Maratayi kawai ke reto a kafaɗarta, bakinsa biyu da guntun farin zare.

"Baba, sun tafi da jakar Inna," ta ce, sai kuka ya ƙwace mata.

Mai Aski ya fito da gudu yana tambayar ta ina suka bi, kamar yana da abin yi da amsar.

Baduku ya zare maratayin daga kafaɗarta, ya duba inda zaren ya rabu, kamar yadda yake duba duk aikin da aka dawo masa da shi. Sannan ya jawo mata kujera, ya karɓi takalmin, ya ga ya ɓalle ta dunduniya. Ya ɗauko zaren roba, ya ruɓanya, ya goga masa kaki.