Harara Iri Biyu

Dabo nas ne a wani asibiti da ke Bagdadiyya, shekararsa shida a Jidda, kuma duk wanda ya san shi ya san ba ya musu da na'ura. Abin da allura ta nuna, to magana ta ƙare. Mahaifiyarsa kuwa, Hajiya Barakatu, wadda ta zo masa ziyara daga Azare, ko agogon bango ba ta gama yarda da shi ba, sai ta ɗaga labule ta dubi rana.

Ziyarar ɗa ce a baki, amma abin da ya kawo Hajiya na gaskiya shi ne yayarta Sadiyya, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara arba'in da ɗaya ke nan da Sadiyya ta biyo mijinta aikin Hajji suka yi zamansu a unguwar Karantina a nan Jidda. Da can ana aiko da saƙo, daga baya aka koma waya, sai da aka rushe unguwar lambarta ta daina shiga. Wata uku Dabo yana cigiya babu labari. Ana saura mako guda Hajiya ta koma gida, sai Usuman bakanike, wani Bahaushen Sudan da ke gyara masa mota a Madain Fahd, ya ce ai matarsa ta san tsohuwar. Tana Ɗa'ifa, garin nan na kan dutse, wurin ɗanta, ƙafa ta hana ta saukowa daga dutse.

Sai dai akwai cikas. Jirgin Hajiya ranar Litinin ne, hutun Dabo kuma Asabar kaɗai. Ga bayanta ya riƙe, likita ya ce in tana so ta iya zaman jirgi, kada ta kuskura ta yi zaman awa uku a kujerar mota. Da Dabo ya kai kukansa wurin aiki, wani likita mai suna Abdulelah ya miƙo masa makullin karafan ɗinsa, wato irin motar nan mai ɗaki a ciki, da gado da murhu har da ɗan banɗaki. Tsohuwar mota ce, ta sha rana har fentinta ya koɗe, amma gadonta lafiya lau.

Ranar Alhamis Usuman ya duba ta ciki da bai. Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Ya Doktor, makina tamam, wato inji lafiya lau, mai tamam, ruwa tamam. Bas, sai dai abu ɗaya, ka sa ido a kan harara. In harara ta tashi, ka tsaya, kada ka hau dutse."

Hajiya tana zaune a inuwar gareji tana fifita da gefen mayafi, sai ta ɗago.

"Wa zai harari motar mutane? Me ta yi musu?"

"Inna, ba irin wannan ba," in ji Dabo yana danne dariya. "Da Larabci harara zafi ke nan. Zafin inji yake nufi."

"To ya ce zafi mana. Ni hararar da na sani guda ɗaya ce, ta Yaya Sadiyya. In ta dube ka ta wutsiyar ido, ko kaza sai ta sake hanya."

Duk da bayanin, kafin a tashi sai da ta tofa wa motar addu'a gaba da baya, don ba a sani ba.

Asabar da hantsi suka ɗauki hanya. Dabo ya gyara mata gadon da ke bayan kujerar direba, ya tokare ta da matasai, ga kwalin yaji da daddawa da kuka da ta yi wata uku tana ɓoyo saboda yayarta. Jidda kuwa ta tashi da halinta, iska mai ɗumi da danshi, riga tana manne wa mutum a baya. Na'urar sanyaya ɗaki ba ta aiki sai an tsaya an jona wuta, don haka ta gaban mota ce kaɗai abin dogaro. Dabo ya murɗa ta har ƙarshe.

Ko fita daga gari ba su yi ba ya kai ido kan agogon zafi. Allurar da ya bari a tsakiya ta haye har bakin ja. Nan take ya kashe sanyin, allura ta koma mazauninta. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce a ransa, to, nauyi ne ya yi wa injin yawa.

Minti goma ba a yi ba motar ta koma tanda.

"Auta, gasa ni za ka yi ka kai wa Yaya tsaraba?"

Ya kunna, allura ta tashi. Ya kashe, ta sauka. Haka ya yi ta yi har sau huɗu, gumi yana karyo masa, har ya gangara wani gidan mai a bakin gari ya tsaya a inuwar rumfa. Lissafin a fili yake. Da sanyi, injin aro zai ƙone a kan dutse. Babu sanyi, tsohuwa mai hawan jini ba za ta kai ba. Ya kira Abdulelah, waya a kashe. Ya kira Usuman.

"La la la, ya Doktor," in ji Usuman, ana jin ƙarar guduma a bayansa. "A ƙasa ma harara ta kai ja, ina ga hawan dutse? Halas, shi ke nan, ka juyo. Gobe in buɗe ta in gani."

"Gobe ina aiki, Mu'allim. Jibi kuma jirgi."

"Wallah na sani. Amma makinar mutane ce."

Dabo ya ajiye wayar. Ya sha gaya wa 'yan uwan marasa lafiya labari mara daɗi, amma bai taɓa jin nauyin baki irin na yau ba. Ya juya wajen mahaifiyarsa.

"Inna, ki yi haƙuri. Motar ba za ta iya ba."

Hajiya ta dubi kwalin tsarabar, ta gyara igiyar da aka ɗaure shi da ita, ko da yake ba abin da ya same ta. Tausayinta ya kama shi har ya kau da kai. Shekararta saba'in da biyu, yayarta ta ba ta shida, kuma su duka biyun sun san wani zuwan ba lallai ba ne.

Can sai ta ce, "Ɗaga ni."

Ya tallafe ta ta zauna a bakin gado, ta leƙo ta saman kafaɗarsa.

"Wace ce mai hararar a cikinsu?"

Ya nuna mata agogon.

"Kunna abin sanyin in gani."

Ya kunna. Allura ta yi tsalle.

"Kashe."

Ta faɗo.

"Sake."

Sau uku ta sa shi, tana kallo kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Sannan ta koma ta jingina.

"Auta, me ke cikin injin nan da yake zafi?"

"Ruwa ne, Inna. Yana zagayawa."

"Kamar tulu nawa?"

"Zai kai bokiti ɗaya da wani abu."

"To ni dai shekara sittin ina ɗora tukunya. Ban taɓa ganin bokitin ruwa ya tafasa kafin a ƙifta ido ba, ban kuma taɓa ganin an sauke shi ya huce kafin a ƙifta ido ba. Ko kofin shayi sai ka hura. Wannan abar ƙarya take yi maka. Ba zafi take ji ba, maɓallin nan ne ba ta so a taɓa."

Dabo ya buɗe baki zai yi mata bayanin ilimi, sai ya gane gaskiya ta faɗa. Shi da yake auna zafin mutane safe da yamma, ya san ko zazzaɓi ba ya hawa da sauka haka. Da ma'aunin asibiti ne ya yi masa wannan rawar, da tuni ya ajiye shi ya ɗauko wani. Kunya ta kama shi, sai kuma wani daɗi ya biyo bayanta.

Ya janyo jakar aikinsa. A ciki akwai 'yar na'urar nan da ake nuna wa mutum a goshi, ya taho da ita saboda Hajiya. Tana da wani maɓalli na auna zafin kaya, irin ruwan wankan jariri, wanda bai taɓa amfani da shi ba. Ya bar injin yana aiki, ya ƙure sanyi har allura ta kwanta a ja, ya fita ya ɗaga murfin gaba. Ya nuna na'urar a kan babban tiyon da ke shiga lagireto. Tamanin da shida. Ya jira minti goma cur, rana tana dukan ƙeyarsa, ya sake aunawa. Tamanin da bakwai. Wani ma'aikacin gidan man ya tsaya yana kallon mutumin da ke duba mota kamar mai zazzaɓi, ya girgiza kai ya wuce.

Ya sake kiran Usuman ya karanta masa.

"Kam? Nawa? Tamanin da bakwai, sanyi a kunne?" Usuman ya fashe da dariya. "Ya salam! Ai wannan zafin tamam ne. Waya ce ta saki a bayan agogon, tana haɗe da ta fanka. In fanka ta ja wuta, allura ta haukace. Ni ban kunna sanyi ba da na duba. Wa ya gano?"

"Inna."

"Mashallah, Hajja! Ka ce mata gareji na neman mu'allima. Yalla, ku tafi. Bas a dutse ka riƙa tsayawa kana aunawa da abinka."

Suka tafi, sanyi yana busawa, allura tana kwance a ja tana ta hararar Dabo. Sau uku ya tsaya a hawan dutsen ya auna, zafin bai taɓa wuce casa'in da biyu ba. A tsayawa ta uku Hajiya ta ce ya nuna mata na'urar a goshi ita ma, don kada motar ta fi ta gata.

La'asar ta kusa lokacin da suka shiga layin da aka kwatanta musu a Ɗa'ifa. A ƙofar wani gida mai koren ƙyaure an fito da kujera, wata tsohuwa tana zaune da sanda a kan cinya. Tun hantsi take wurin, in ji ɗanta, ta ƙi shiga ko cin abinci. Dabo ya sauko da mahaifiyarsa a hankali. Tsohuwar ba ta motsa ba. Ta karkata kai, ta runtse ido ɗaya, ta dube su ta wutsiyar ɗayan tun daga sama har ƙasa.

"Shekara arba'in da ɗaya," in ji ta, "kuma yau ɗin ma sai da kika makara."

Hajiya Barakatu ta matse hannun ɗanta, tana dariya hawaye yana zuba.

"Ka gani ko, Auta? Ga ta gaskiyar nan. Wannan ba sai ka auna ba."

Ta saki hannunsa, ta manta da ciwon baya, ta taka da kanta zuwa wurin yayarta.